Katin inshora na NHIS: tauraro uku na ba shi, kuma ga wanda ya kamata ya biya sauran

Salamu alaikum jama'a. Yau katin inshoran lafiya na gwamnatin Ghana, wato NHIS, nake so mu duba, tunda shima kuɗi muke sawa kamar kowane kaya, kuma wanda ya biya kuɗinsa ai yana da bakin magana. Ni shagon provishan gareni a Aboabo nan Kumasi, gidanmu kowa na da katin tun daga kan Mma har autan yara. In kana sauri ga hukuncina: tauraro uku cikin biyar. Kayi katin, kar ka kuskura ka zauna babu shi, amma kuma kar ka tafi asibiti aljihu wayam wai don kana riƙe da kati.

Abun da yafi burgeni shine sabuntawa. Tun da suka kawo *929# a ƙarshen 2018 an huta wallahi, kana zaune a shago zaka danna, ka biya da momo (kuɗin waya), saƙo ya shigo, shikenan. Da kam sai kayi sammako bayan asuba ka kama layi a ofis, yara na kuka, masu ciki na tsaye, a ƙarshe ace netwok ya ɗauke ku dawo gobe. Yanzu har ana haɗa shi da Ghana Card, ko ka manta tsohon katin a gida ba matsala. Kuɗin sabuntawan ma ba wani abu bane, abun da na biya na shekara guda bai kai kuɗin maganin malariya mai kyau a kemis ba. Yara ƙasa da shekara 18, tsofaffi daga 70 zuwa sama, masu ciki, 'yan fansho na SSNIT (asusun fanshon ma'aikata) da waɗanda gwamnati ta tantance basu da hali, duk an ɗauke musu kuɗin firimiyam ɗin, wato kuɗin inshoran da ake biya duk shekara.

Kuma kan ciwon yau da kullum katin yana aiki, kar wani ya ruɗeka. Malariya, gudawan yara, tari, ganin dokta, awon hawan jini da siga duk wata, awon ciki da haihuwa har da tiyatan cire jariri in abu ya zo da gardama. Haihuwa kyauta ɗin nan tun 2008 aka fara, kuma a zango babu gidan da bai amfana ba, mu da Allah ya albarkace mu da yawan suna. Yaran yanzu basu san zamanin kash an kari ba, lokacin da sai ka ajiye kuɗi kafin nas ta taɓa maka mara lafiya, mace ta haihu a riƙeta a wod har sai miji ya zagaya dangi ya haɗo kuɗi. A 2003 gwamnatin Kufuor ta kawo dokar inshoran, a 2012 aka sake ta aka haɗe ƙananan sikim na gundumomi suka koma abu ɗaya. Ko wace jam'iyya kake, wannan abu ne mai kyau akayi.

To ina sauran taurari biyun suka tafi? Wajen tagan karɓan magani. Wani asibiti da nake kai Mma awon hawan jini, komai lafiya lau har ka ga dokta, da ka miƙa takarda a famasi sai kaji "wannan babu, wannan ma babu, wannan akwai amma sai kin ƙara kuɗi." Su baka farasitamol da wasu ƙananan ƙwayoyi, ainihin maganin da ya kawoka kuma ace kaje waje ka saya. Lab ma haka, sikan ma haka, "top op" ɗin nan ya zama kamar doka alhali hukumar inshoran da kanta tasha fitowa tace haramun ne a karɓi ƙarin kuɗi kan abun da kati ya ɗauka. Rannan Mma ta juyo tace min "Kai yaro, to katin nan na meye, na ganin fuskan dokta ne kawai?" Nace Mma kiyi haƙuri mu tafi, na tsallaka titi na sayo.

Amma ni ɗan kasuwa ne, na san yadda abun yake ta ɗayan gefen. Hukumar tana da farashin da ta yanka ma kowane magani, shi take biyan asibiti. Sidi ya faɗi, kaya sun tashi, a Disamban 2022 hauhawan farashi ya haura kashi 54 cikin 100, farashin da aka yanka kuma baya bin kasuwa da wannan saurin. Ga shi asibiti zata yi aiki yau ta tura takardun neman kuɗinta, a daɗe watanni ba'a biya ba, har asibitocin mishan da masu zaman kansu sun sha yin barazanan komawa kash an kari. Ni a shagona in mutun ya ci bashi wata shida kuma yace zai biyani da tsohon farashi, gobe in yazo ce masa zanyi kaya sun ƙare. Mu nan Ashanti har gwaji akayi a kanmu, kafiteshan ɗin nan da aka fara a 2012, kowa ya zaɓi asibiti ɗaya a riƙa biyanta kuɗi kan kowane kai, mutane suka yi ta ƙorafi har aka dakatar a 2017.

Babban ciwo kuwa nan ne ido ke raina fata. Dashen ƙoda, yawancin ciwon daji in ka cire na nono da na bakin mahaifa da wasu na yara da aka ƙara daga baya, tiyatan zuciya, duk katin baya kaiwa nan. Shi yasa kullum zaka ga hoton mara lafiya na yawo a guruf ɗin WhatsApp da lamban momo a ƙasa, ko a tashi bayan sallan Juma'a ace jama'a a taimaka fisabilillahi. Wankin ƙoda ma da baya ciki, kun tuna hayaniyan da akayi a 2023 da aka ga sanarwa a asibitin Korle Bu can Ankara (Accra) cewa kuɗin wanki ɗaya zai tashi daga sidi 380 zuwa 765, mutun kuma yana buƙatan sau biyu ko uku a sati. Daga Disamban 2024 aka sa shi kyauta ƙarƙashin inshora, sai a 2025 aka kafa asusun MahamaCares don irin waɗannan manyan cututtukan. Madalla. Amma duk abun da aka ƙara a kan kati wani ne zai biya, kuma nan ne gardama ta da ɗan kawuna ta samo asali.

Shi ticha ne, albashi yake ɗauka. Kullum maganansa ɗaya: "Yaya, mu ma'aikata mu ke ɗauke da ku. Duk wata ana yankan kashi 2.5 daga kuɗin SSNIT ɗinmu a zuba a inshora, ga harajin albashi tun kafin kuɗin ya shigo hannu. Ku 'yan kasuwa kuwa 'yan canji kuke jefawa sau ɗaya a shekara kuzo ku cika layin asibiti." Gaskiyansa ta wani gefen, cikin kashi 13.5 da ake kaiwa SSNIT ana cire 2.5 a miƙa ma inshora, ba'a tambayeshi ba.

Nace Malam zo ka gani. Na jawo rasit ɗin da manyan diloli na Adum suke bani in na saro kaya, na nuna masa ƙasan takardan: NHIL kashi 2.5, GETFund na asusun ilimi kashi 2.5, sannan VAT da aka ɗaga daga 12.5 zuwa 15 a farkon 2023. Har da kashi 1 na korona da aka ɗora a 2021, korona ta tafi abunta harajin ya zauna shekaru. Wannan NHIL ɗin shine harajin inshoran lafiya, kuma shine uwa uba a asusun, wajen kashi 70 cikin 100 na kuɗin daga nan yake fitowa, na SSNIT yana biye, firimiyam ɗin da muke biya da momo ko kashi 5 bai kai ba. To wa ke biyan NHIL ɗin? Ba dila ba, ya ɗora min. Ba ni ba, na ɗora ma mai saye. Wadda ta zo da safe ta sayi madaran gwangwani ɗaya da sabulu da siga na sidi biyu da kiredit na waya, ita ta biya. Kayayo da ke ɗaukan kaya a Kejetia ta kwana a baranda, in ta sayi famfas na ɗanta ta biya harajin lafiya, ko da bata taɓa yin katin ba. Ita ba'a bata rasit shi yasa ake cewa bata biyan haraji.

Ban ce tsarin zalunci ne gaba ɗaya ba. Ɗanyen abinci kamar masara da doya da tumatir na kasuwa babu VAT a kansu, wannan ya rage ma talaka nauyi, kuma mai kuɗi da ke cika keken sayayya a mol yana biyan NHIL mai yawa in ana maganan sidi. Amma ka duba da kyau, mai koko duk abun da ta samu yau zata kashe shi yau, kusan rabinsa kan kayan kamfani. Mai gidaje a Nhyiaeso ɗan kaɗan ne cikin samunsa yake tafiya wajen sabulu da madara, sauran fili ne da dala da kuɗin makarantan yara a Ingila, NHIL bata ganinsu. In ciwo ya zo kuma shi ba zai bi layi da mu ba. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi.

Wani abokina borga da ke Jamus yace can kashi 14.6 na albashi ake yanka, rabi ma'aikaci rabi kamfani, me zai hana muyi haka. Nace can kowa na da takardan albashi. Nan ka shiga Suame Magazine ko Alabar ka ƙirga min masu takardan albashi. In aka ce albashi kaɗai za'a matsa, ticha da nas da ɗan sanda za'a kashe, kuma kuɗin ba zai isa ba.

Abun da yafi ƙona min rai ma ba yawan harajin bane. A 2017 aka yi dokan da ta sa ma irin waɗannan asusun iyaka, wato ana karɓan NHIL da sunan lafiya amma ba duka ake miƙa ma inshora ba, abun da ya haura iyakan gwamnati ta juya shi wasu hidimomi. Shekaru ana haka, asibitoci na kukan bashi, mu muna sayen magani a waje da kuɗin da mun riga mun biya a kan siga. Sai a bajet ɗin 2025 ministan kuɗi Ato Forson ya sanar an cire iyakan. Kafin a zo ana neman sabon haraji, wanda aka karɓa da sunan mara lafiya ya fara isa gadon mara lafiya tukuna, kuma a riƙa buga mana nawa ya shigo nawa aka biya asibitoci, kowa ya gani.

In kuma dole sai an ƙara, ni a ganina talaka ya biya nasa, a duba sama. Masu gidajen haya na farko. Doka tace harajin kuɗin haya kashi 8 ne a gidan kwana, kashi 15 a shago, kuma doka tace kar a karɓi adbans ya wuce na wata shida, amma wa bai san ana karɓan na shekara biyu lakadan ba, babu rasit babu komai? Sai zinari. Ghana ce kan gaba wajen haƙo zinari a Afirka, Obuasi ga ta nan kusa damu, a 2025 an ɗaga wani haraji na kamfanonin ma'adinai daga kashi 1 zuwa 3, to me zai hana a yanke wani kaso a rubuta masa suna lafiya kamar yadda aka rubuta ma NHIL? Balle galamse, wato haƙan zinari ba bisa ƙa'ida ba, da ta mayar da kogin Offin da Pra kalan koko, ana zuba sinadari a ruwan da mutane ke sha, masu injinan haƙan suna gina otal, ciwon da zai biyo baya kuma a kawo ma mai sayen sabulu ya biya. Taba da giya da lemun kwalba ma haka. Tun 2023 akwai harajin kashi 20 kan kayan sha masu siga, ni da nake sayar dasu na ji a jikina don ciniki ya ɗan ja baya, amma ban ƙi ba, in dai kuɗin zai tafi wajen masu ciwon siga ba ya ɓace a babban asusu ba.

Mu 'yan kasuwa ma kar mu ɓoye bayan kayayo. Akwai Alhazai da Hajiyoyi a cikinmu masu sauke kwantena daga Cana da Dubai, kuma kusan kuɗin da mai tallan ƙosai ke biya na sabunta kati shi suke biya. Wannan ɗan kawuna yana da gaskiya a kai. Ni kaina in aka ce mai shago irina ya ninka firimiyam ɗinsa zan biya ba gardama, da sharaɗin in na kai Mma a bata maganinta a taga. Abun da bazan yarda dashi ba shine a sake kawo irin e-levy, wanda aka ɗora kan tura kuɗi ta momo a 2022 mutane suka koma yawo da tsabar kuɗi a aljihu har aka soke shi a 2025. Wanda ke tura ma tsohuwarsa kuɗin magani a Tamale ko Bawku ba shine mai kuɗin ƙasan nan ba.

Wanda zai yi katin ko zai sabunta, ka lura da abu ɗaya da mutane da yawa basu sani ba sai sun je asibiti an dawo dasu. In sabon shiga ne kai, ko ka bar katin ya mutu ya wuce wata uku, bayan ka biya sai ka jira wata ɗaya kafin ya fara aiki, banda masu ciki da yara ƙasa da shekara biyar da tsofaffi daga shekara 70 zuwa sama. Don haka ka danna *929# yau ka duba ranan mutuwan naka da na iyali, musamman tsofaffi da basa duba waya. In kuma aka ce ka ƙara kuɗi a asibiti ka tambaya na meye, kace a baka rasit.