Rimot ɗin FlySky FS-i6 a kan jirgin da na haɗa da hannuna

Masu tambayata wane rimot za su saya don ƙaramin jirgin saman da suka ƙera a gida, amsata dai ita ce FlySky FS-i6, kuma ba wai don ya fi kowa ba, a'a, don duk abin da sabon jirgi ke buƙata ranar tashin farko yana ciki kuma kuɗinsa bai kai rabin na manyan ba. Chanal 6 ne, wato abu shida yake iya sarrafawa a jirgi, yana aiki a 2.4GHz, batir 4 yake ci irin na AA, yana riƙe saitin jirgi har 20. Nawa da risiba FS-iA6B ya zo, wato abin da ake sa wa a jirgin ya karɓi siginar rimot. Jirgin kuwa na fom ne mai fiffike a sama, moto A2212 1000KV, ESC mai sarrafa gudun moto 30A, farfela 1045, sarbo SG90 wato ƙananan motocin da ke motsa sassan da ke juya jirgi, sai batir LiPo 3S 2200mAh.

Jirgin hannu ba ya taɓa fitowa daidai ɗari bisa ɗari, ko fiffike ɗaya ya ɗan fi nauyi ko jelar ta ɗan karkace wajen manna gam, to a nan ne rimot ɗin nan ya burge ni wallahi. Tun a ƙasa za ka shiga Reverse ka juya duk sarbon da ke tafiya baibai, ka daidaita tsakiyarsu da Subtrim, ka rage nisan motsinsu a End points don kar su riƙa ƙugi suna cin batir. Da na cilla nawa sama sai ya riƙa ja hagu yana ɗaga hanci, maɓallan tirim masu ɗan gyara karkatar jirgi suna nan dab da yatsa, ina dannawa yana ƙara yana miƙewa har na saki sanda ya tafi sak shi kaɗai a rabin totur. Bayan an sauka sai ka gyara tsawon wayar ƙarfen da sarbon ke turawa da hannu gwargwadon tirim ɗin da ka ba shi ka mayar da maɓallan tsakiya.

Abin da na fi so shi ne Dual rate da ekspo, saitin da ke rage yadda jirgi ke saurin amsa motsin sanda. Hannun sabon shiga rawa yake, ɗan taɓi kaɗan jirgi ya kifa, amma in ka rage ret ɗin zuwa wajen 60 ka sa ekspo tsakiyar sandar ta yi laushi sai ka ji jirgin ya nutsu, kuma kana iya ɗora shi a suwic, in ka ƙware ka buɗe masa duka. Ka dai kalli zanen da ke allon, layin ya kwanta a tsakiya shi ne daidai.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai saye ya sani. Ajiye saiti sai ka danne Cancel ka riƙe, in ka taɓa shi sau ɗaya fita kawai zai yi bai ajiye komai ba. Sannan Failsafe a kashe yake zuwa, kai za ka kunna shi ka sa totur ya koma ƙasa in sigina ta yanke, ka gwada a gida ta hanyar kashe rimot, amma don Allah cire farfela tukuna, tana yanka yatsa ba wasa. Ba shi da agogon ƙirga lokaci kuma, ni ƙaramar ƙararrawar batir nake maƙala wa LiPo ɗin in saita ta a 3.5V kowane sel.

Nauyi kam rimot ba zai gyara maka ba. Ɗora jirgin a yatsu biyu ƙarƙashin fiffike, wajen kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na faɗinsa daga gaba, hanci ya ɗan sunkuya kaɗan, in jela ce ta rinjaya matsar da batir gaba kafin ka fita. Gwaji kuma da sassafe bayan asuba kafin iska ta taso, musamman lokacin hunturu, ka cilla shi yana fuskantar iska, a fili mai nisa da filin jirgi da bariki da wayoyin lantarki, yara kuma su tsaya bayanka.

In za ka saya ka ce Mode 2 kake so, mai totur a hagu, ka tabbata an haɗo maka da risiba da ɗan fulogin da ake amfani da shi wajen haɗa risibar da rimot.