CyScan: idon leza mai kyau, in dai an kula da gilashi da madubi

Jirgin da ke kai kaya dandamalin haƙar mai a teku ba ya jefa anga. Kwamfutar DP, wato tsarin tsayar da jirgi da injinansa, ce ke riƙe shi wuri guda da farfeloli, ita kuwa ba ta san inda jirgin yake ba sai abin da na'urorin auna wuri suka faɗa mata. Ƙa'idar IMO, hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya, ta 1994, wadda aka sabunta a 2017, ta ce jirgi mai tsarin DP aji na 2 ko na 3 ya zama yana da irin waɗannan na'urori aƙalla uku, kuma kada duka su zama iri ɗaya. Yawanci biyu na tauraron ɗan'adam ne. Gurbi na uku shi ne inda CyScan ke shigowa, na'urar leza ta kamfanin Guidance Marine na Ingila, wanda Wärtsilä ya saya a 2017.

Aikinta ba shi da wuyar ganewa. Kanta yana juyawa yana harba haske, hasken ya bugi madubin da aka rataye a jikin dandamali ya dawo, daga nan ta fitar da nisa da kusurwa. Tana da shimfiɗa mai daidaita kanta idan jirgi yana tangaɗi, wannan ne ma ya sa ba ta saurin ɓatar da madubi lokacin da igiyar ruwa ta tashi.

Inda ta fi burgewa shi ne gab da dandamali, a cikin da'irar tsaro ta mita 500 da ke kewaye da shi. A nan ƙarafan dandamali ke tare rabin sama, siginar tauraro ta riƙa karo da su tana dawowa a karkace. A yankunan da ke tsakiyar duniya kuma, kamar mashigin tekun Gini da gaɓar Brazil, sama kan hargitsa siginar bayan faɗuwar rana, na'urorin tauraro biyu su rikice a tare. Leza ba ruwanta da wannan. Don haka a ganina ta cancanci gurbinta.

Amma tana da rauni, kuma mafi yawansa daga rashin kulawa yake. Na farko gilashin gabanta. Gishirin teku yana bushewa a kai ya bar farin dabbare-dabbare, idan kuma an kafa ta kusa da bututun hayaƙi sai baƙar toka ta haɗu da shi. Hasken da ke dawowa ya yi rauni, nisan da take gani ya ragu, a ɗauka lalacewa ta yi. A fara zuba ruwan daɗi ya narkar da gishirin, sannan a goge da ƙyalle mai laushi. Wanda ya goge a bushe ya kankare gilashin da hannunsa. A yi haka kafin kowace shiga da'irar mita 500, ba sai ranar gwajin shekara ba.

Sai madubi, wanda shi ne babban ciwon kai, domin a dandamalin wasu yake, ba a hannun ma'aikatan jirgi ba. Mai tef ɗin ƙyalli rana tana kashe shi, tef ɗin ya kode ya fara ɓarewa. Na firizim, wato gilashi mai kusurwoyi da ke mayar da haske inda ya fito, ya fi kai haske nesa, ya fi kuma daɗewa. Abin tsoro shi ne madubin ƙarya: ma'aikaci ya wuce ta gaban madubin sanye da rigar aiki mai ratsin ƙyalli, na'urar ta kama shi ta bi. Yana tafiya, kwamfuta tana ganin jirgi ne ke zamewa, ta tura farfela ta gyara abin da bai ɓaci ba. Samfurin CyScan AS an yi shi ne don wannan matsala, yana da nasa madubi na musamman da yake ganewa. Ga mai tsohon samfuri, maganin shi ne a rataye madubi nesa da hanyar mutane, a rufe ɓangaren da ba a so ta duba, a kama madubi biyu ko fiye idan akwai.

Hazo, ruwan sama mai ƙarfi da rana idan ta yi ƙasa tana kallon gilashi kai tsaye duk suna makantar da ita. Wannan ba gyara gare shi ba, sai a haɗa ta da na'ura mai aiki da rada.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: idan madubi ɗaya take kallo, da kamfas ɗin jairo, mai nuna inda jirgi ya fuskanta, ake juya kusurwarta ta zama wuri. Kuskuren digiri 1 a nisan mita 100 ya kai mita 1.75 a gefe. Haka nan idan an cire ta don gyara aka mayar, a sake auna nisanta daga tsakiyar jirgi da saitin gabanta, a shigar a kwamfuta. Gwajin mai sauƙi ne: a fili, nesa da dandamali amma inda leza ke ganin madubi, a juya jirgi a hankali a wuri guda ana kallon allo. Idan alamar leza ta riƙa zana baka tana rabuwa da ta tauraro, awon da aka shigar ba daidai ba ne.

Idan kuma madubin a kan jirgin ajiyar mai yake, wanda ke juyawa da iska, leza za ta bi shi, tauraro ya tsaya kan ƙasa, su saɓa, kwamfuta ta yar da ɗaya. A nan sai a sa DP a yanayin bin abu mai motsi tun kafin a matso.