Shagon tukunyar kashe gobara a Sabon Gari: abin da na tarar

Sana'ata cajin waya ce a Tudun Wada. Janareta na ruri tun safe har dare, ga jarkar fetur a lungu. Da hunturu ya kama, sai na nufi Sabon Gari, shagon wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin kwana-kwana, yana sayar da tukwanen kashe gobara yana kuma cika su.

Baba bai miƙo min komai ba sai da ya tambayi abin da zai iya kamawa a shagona. Ya ce a aikinsu gobara aji-aji ce. Ajin A katako ne da takarda da yadi. B fetur da kananzir da fenti. C gas. F man girki, wanda in ka watsa masa ruwa sai ya yi tsalle ya kama rufi. Ta lantarki kuwa ba a kai mata ruwa sam. Ya zaɓar min tukunya mai fesa gari, kilo 6, mai shuɗin tambari, da ƙarama mai fesa iskar CO2, mai baƙin tambari, saboda wayoyin mutane, don gari in ya shiga na'ura ɓata ta yake yi. Ya nuna min allurar da ke nuna ƙarfin iskar cikin tukunya mai garin, dole ta zauna a kan kore. Ya sa na riƙe da hannuna: a zare fil, a saita gindin wutar ba harshenta ba, a matsa, a yi ta kai da komo. Bakin CO2 kuwa ba a damƙarsa, sanyinsa na ƙona fata.

Abin da ya fi shiga raina shi ne yadda ya ce ake kiran 'yan kwana-kwana. In ka buga 112, mai ɗauka yana son unguwa da alamar da direba zai gane, me ke ci, ko wani ya maƙale a ciki, ko an yanke lantarki, ko akwai tukunyar gas. Wallahi da yawanmu ihu kawai za mu yi a waya.

Inda ban ji daɗi ba: kayansa da tsada, kuma in ka kai cikawa sai ka jira kwanaki, ba ya ba ka aron wata, shago ya zauna ba kariya. Bayanin jikin tukunyar ma duk Turanci ne, yaron shagona bai iya karantawa. Na roƙi Baba ya riƙa liƙa na Hausa, ya ce zai duba.