Ofishin ɗan majalisarmu a Garwa: abin da na gani da idona

Ni tela ce a Babbar Kasuwar Garwa. Da 'yata ta ci bakaloriya, jarrabawar gama sakandare, ta samu gurbi a Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, kuɗin rajista sefa 50,000 ya tsaya mini a wuya, ga kuɗin ɗaki, ga na mota. Maƙwabciyata ce ta ce in gwada ofishin ɗan majalisarmu.

Mutumin tsohon malami ne. Daga aji ya shiga kansila, daga nan ya zama ɗaya daga cikin wakilai 180 da ke zama a Yawunde, kuma har yau yana cikin kwamitin amintattu na wata kwaleji a unguwarmu. Wannan ne ya sa ofishinsa ya san kan takardun makaranta. Sakataren ya karɓi takardun yarinyar, ya gano an rubuta sunan mahaifinta iri biyu, ya nuna mana inda za a gyara. Da ba don shi ba, da mun je Marwa mun dawo a banza.

Da Alhajin, wato ɗan majalisar, ya fito, ce mini ya yi: "Hajiya, me yarinyar take son karantawa?" Bai tambayi jam'iyyata ba. Rabin kuɗin ya biya, aka ba ni rasit.

Inda na ga gazawa: jira. Sau uku ina zuwa, benci ɗaya ne, mata tsofaffi a tsaye cikin ranar Garwa. Idan majalisa na zama kuwa, ba mai sa hannu sai ya dawo. A kafa rumfa, a ajiye randa.