Sharhi: Manhajar kariya da ta ɗauki manhajar maus ɗina a matsayin ɗan leƙen asiri

Manhajar kariya daga masu leƙen asiri da ke kan kwamfutar aikina tana da kaifi, ba na musun haka. Ba ta nauyaya na'ura, ba ta kuma damun mutum da tallace-tallace. Aibinta guda ne: tana yanke hukunci a ɓoye, ba ta gaya maka abin da ta aikata.

Sana'ata zane da gyaran hotuna, don haka maus ɗina mai maɓallan gefe ne, yana da manhajarsa da ake ba kowane maɓalli aiki da ita, har da saurin kibiya da ake kira DPI. Bayan wata sabuntawa da manhajar kariyar ta sauke da kanta, sai maɓallan gefen suka mutu. Kibiya na yawo, dannawar hagu da ta dama na aiki, taya na juyawa, amma duk saitina ya tafi, ƙaramar alamar manhajar maus ɗin da ke zama kusa da agogon allo ma ta ɓace.

In ka ga haka, maus lafiyarsa ƙalau. Windows na da direbansa na gama-gari, wato ƙaramin shirin da ke tafiyar da kowane maus ko babu manhajar kamfani, shi ya sa kibiya ba ta tsaya ba. Kada ka ɓata kuɗinka wajen sayen batir ko sabon maus. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, mai nuna manhajojin da ke gudana, zai buɗe. A wurina manhajar maus ɗin ba ta cikin masu gudana, kuma da na nemi buɗe ta da hannu sai aka ce fayil ɗin ba ya nan.

A ɗakin killacewa na manhajar kariyar, inda take tsare fayilolin da take zargi, na iske shi, an yi masa tambarin mai satar abin da ake bugawa a madannai.

Gaskiya zargin ba haka kawai ya faɗo ba. Kafin manhajar maus ta mayar da maɓallin gefe ya zama "kwafi" ko "koma baya", dole ta tare dannawar tun kafin ta isa ga shirin da kake aiki a ciki, kuma dole ta riƙa tashi da kanta duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Manhajar da ɓarayin kalmar sirri ke dasawa ita ma haka take yi. Mai gadi ne ya ga yaron gida ya hau katanga da dare, ya damƙe shi. Idan sabuntawa ta tsaurara ma'aunin gane hali, mai gaskiya kan faɗa tarkon.

Kafin na sake shi sai da na bincika, domin akwai manhajoji masu cutarwa da ke aron sunan fayil na kirki. Na maido da shi, na duba Properties, wato bayanan fayil ɗin, na ga sa hannun dijital na kamfanin maus ɗin yana nan daram, sannan na ɗora shi a VirusTotal, shafin da Google ya saya a 2012, wanda ke gwada fayil da injunan kariya da dama a lokaci guda. Ya fito da tsabta. Daga nan na sa wannan fayil ɗin shi kaɗai cikin jerin waɗanda aka yafe wa bincike. Masu cewa a kashe kariya gaba ɗaya, ko a yafe wa dukan Program Files, inda ake girka manhajoji, shawararsu ba ta da kyau ko kaɗan.

Duk da haka abin bai miƙe ba, domin an goge umarnin da ke tayar da manhajar idan an kunna na'ura. Sai da na cire ta, na sauko da sabuwa daga shafin kamfanin, na girka, na sake kunna kwamfuta. Saitin maɓallai kuwa da hannu na mayar da shi ɗaya bayan ɗaya, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan.

Zan ci gaba da amfani da manhajar kariyar, amma na sauya saitinta ta riƙa tambayata kafin ta killace komai. Na kuma aika wa masu ita rahoton kamun kuskure ta fom ɗin da suka tanada. Wanda ba ya son leƙa tarihin killacewa lokaci-lokaci, musamman mai maus ko madannai na wasanni, ba zan ba shi shawarar ya girka ta ba.