Shagon da ya karɓi fankata a Kasuwar Wuse

A watan Maris, da zafin Abuja ya hana yarana barci, na shiga Kasuwar Wuse na sayi fanka mai caji a wani shagon kayan wuta, naira 68,000. Kwana huɗu tana aiki lafiya. A na biyar batirin ya daina riƙe caji, da an ɗauke wuta sai ta tsaya cak.

Daga Kubwa na taso da faɗa a bakina, don na saba da rasit ɗin da ake rubuta wa a ƙasa cewa kaya in ya fita ba ya dawowa. Mai shagon, dattijo ne mai sanyin magana, ya sa yaronsa ya jona ta a gabana. Yana zare waya ta mutu.

"Hajiya, a canza miki wata, ko kuɗinki kike so?"

Wallahi sai kunya ta kama ni. Na ce, "Baba, a canza."

Haƙƙina ne ya ba ni, na sani. Dokar kare masu sayayya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, wadda ta kafa hukumar kare masu sayayya ta FCCPC a madadin tsohuwar hukumar CPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibu, ta kuma wajabta a nuna farashi a fili. Amma shago nawa ke bi? Shi kam kowane kwali da kuɗinsa a manne, har dutsen guga.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne maganarsa muna jiran a ɗauko sabuwar daga sito. Ya ce dilan da yake saro wa kaya a Alaba ta Legas ba ya karɓar abin da ya lalace, don haka wannan fankar asararsa ce. A ganina nan hukuma ya kamata ta sa ido. In ƙaramin ɗan kasuwa zai mayar min da kuɗina, a tilasta wa mai shigo da kayan ya mayar masa da nasa, in ba haka ba masu gaskiyar ne za su fara karyewa.

Shagon matsattse ne, babu wurin zama, na yi kusan awa guda a tsaye. Ba ya ragi ko na sisi, kuma maƙwabcinsa ya fi shi sauƙi da dubu uku. Sabuwar fankar tana kai mu har asuba. Ƙarshen wata can zan koma sayen injin markaɗe.