Sharhi a kan jirgin Boeing 737 MAX da alhakin da ke wuyan masu ƙera shi

Matafiyin da ke bi ta Addis Ababa zuwa Jidda ko wata ƙasar Afirka yana iya samun kansa cikin Boeing 737 MAX ba tare da ya lura ba, sai dai in ya duba katin bayanin tsaro da ke aljihun kujera, ko ya leƙa taga ya ga bakin fukafukin da ya rabu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A matsayin abin hawa, jirgin ya cancanci yabo. Injinansa ba su da ƙara kamar na tsofaffin 737, akwatunan kaya na sama suna ɗaukar jakar hannu ba tare da kokawa ba, kuma yana shan mai kaɗan, wanda shi ne babban abin da ya ja hankalin kamfanonin sufuri. Matsin kujeru da ƙanƙantar banɗaki sun danganta ne da yadda kowane kamfani ya tsara cikin jirginsa.

Sai dai ba a yin adalci wajen auna wannan jirgi idan aka tsallake tarihinsa. Boeing ya ƙaddamar da shi a 2011 domin ya yi gogayya da A320neo na Airbus, ya ɗora manyan injina a kan tsohon gangar jiki, ya matsar da su gaba da sama, abin da ya sa hancin jirgin ke iya ɗagawa fiye da kima a wasu yanayi. Maganin da aka samar shi ne manhajar MCAS mai danna hancin ƙasa da kanta, wadda ta dogara da na'urar auna kusurwar iska guda ɗaya tak, kuma ba a bayyana wa matuƙa aikinta ba. Wannan manhaja tana da hannu a haɗura biyu da babu wanda ya tsira: jirgin Lion Air na Indonesiya ya faɗi a teku ranar 29 ga Oktoban 2018 da mutum 189, sannan na Ethiopian Airlines ya faɗi ranar 10 ga Maris 2019 da mutum 157, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi ɗan Najeriya. An dakatar da jirgin a duniya, Amurka ba ta sake ba shi izinin tashi ba sai a Nuwamban 2020.

Yadda kamfanin ya ɗauki alhaki shi ne inda na fi rage masa maki. A yarjejeniyar Janairun 2021 da ma'aikatar shari'ar Amurka, Boeing ya amince ya biya dala biliyan 2.5, amma dala miliyan 500 ce kawai aka ware wa iyalan mamata, kaso mafi tsoka ya tafi ga kamfanonin jiragen da suka yi asarar ciniki. Mutum ɗaya da aka gurfanar, wato tsohon babban matuƙin fasaha na Boeing, Mark Forkner, kotu ta wanke shi a 2022.

Wannan lamari ya raba kan tsofaffin ma'aikatan kamfanin. Akwai waɗanda har gobe suke kare shi, suna jingina laifin ga matuƙan Indonesiya da Habasha, kuma ana iya fahimtar dalilinsu, tunda wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, balle mutumin da ya yi shekaru yana ciyar da iyalinsa da albashin wurin. Amma a ganina Ed Pierson ya fi su riƙon amana. A lokacin da yake babban manaja a masana'antar Boeing da ke Renton, inda ake haɗa 737, ya nemi a tsayar da aiki a 2018 saboda gaggawa da gajiyar ma'aikata, ba a saurare shi ba, daga baya ya ba da shaida a gaban majalisar dokokin Amurka. Haka ma marigayi John Barnett, wanda ya shafe shekara 32 a kamfanin kafin ya fito fili ya yi magana a kan sakaci wajen duba inganci. Abin da ya faru a Janairun 2024 ya ƙarfafa maganarsu, lokacin da murfin wata ƙofa ya ɓalle daga jirgin MAX 9 na Alaska Airlines yana sama, bincike kuma ya nuna an fitar da shi daga masana'anta babu kusoshi huɗu da ya kamata su riƙe murfin.

A yau MCAS tana kwatanta bayanan na'urori biyu, ba ta maimaita danna hanci, an kuma wajabta wa matuƙa horo na musamman, har Ethiopian Airlines ya dawo da jirgin bakin aiki a Fabrairun 2022. Saboda waɗannan gyare-gyare ba na ƙin shiga shi, kuma ba zan hana ɗan'uwana ba. Wanda hankalinsa bai kwanta ba yana iya tambayar wakilin da ke yanka masa tikiti nau'in jirgin kafin ya biya, domin wasu kamfanonin suna rubuta shi da sunan 737-8 kawai.